Shekarar Shanun Yumɓu

Akwai magana biyu da kuke yi in kun taru a gidan nan da sallah, kuna tsammanin kunnena ya mutu. Ta farko, wai Gwaggo Hajara ta Damagaram muguwa ce, ta so ta ƙwace yayarku Uwani tun tana ƙarama. Ta biyu, wai ni ban damu da Uwani ba, tunda ba ku taɓa jin na kira sunanta ba, ba ku kuma taɓa ganin na ja ta a jiki kamar yadda nake yi wa auta ba. To, duka biyun ba gaskiya ba ne. Tunda Allah ya bar mini ido da hannu, bari in rubuta muku yadda aka yi, kowa ya karanta ya kama bakinsa.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda babanku ya samu aikin kula da injin fanfo a arewacin Belbeji, can cikin dajin makiyaya. Muka kwashe komatsanmu daga Ollelewa, ni da shi da Uwani da ƙanwarta Rakiya, sauranku ko labarinku babu. Wurin ba gari ba ne. Ɗakin inji ne, da tankin ruwa, da kwamin shayar da dabbobi, da ɗakinmu guda na ƙasa, sai rumfa. Da rani kuwa sai ka rantse kasuwa ce: shanun Fulani, raƙuman Buzaye, tumaki, jakai, kowa na jiran layinsa, ana ta ciniki da faɗa da Hausa. Lakwal, wato makarantar boko, mafi kusa wuni guda ce a kan jaki. Ni dai na ji daɗin wurin, don na samu sana'a. Ina sayen madara wurin matan Fulani, in yi cuku in shanya, ranar kasuwa in bi mota in kai Belbeji.

Uwani ƴar fari ce, kuma sunan mahaifiyar babanku aka sa mata. Kun ga kunya biyu ke nan a kaina. A yadda aka tashe mu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Balle a ce sunan uwar miji ne. Babanku ma ba ya faɗa, Gwaggo ba ta faɗa, wa zai kama sunan uwarsa gatsal? Shi ya sa kowa ke cewa Uwani, ni kuwa ko Uwanin da ƙyar yake fita bakina, "ke" nake ce mata. Tun ranar suna aka yi wa Gwaggo Hajara alkawarinta. Yayar babanku ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana sayar da atamfa a Damagaram, Allah bai ba ta haihuwa ba. Aka ce in yarinya ta isa lakwal, tata ce. Ni ma na ce to a lokacin, don me amarya za ta ce?

Uwani ta fara famfara, haƙoran gaba sun zube, sai ga Gwaggo ta sauko daga motar kasuwa da ƙunshin tsaraba. Tun daga yadda take kallon yarinyar na san abin da ya kawo ta. Bayan an ci an sha, ta shimfiɗa ƙafa a rumfa.

"Isa, na zo ɗaukar uwata. Na sayi gado, na yi magana da mushe, malamin lakwal ɗin unguwarmu."

Babanku ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

To, Yaya! Shi ke nan abin da ya iya faɗa. Ina son yarinyar nan, ina faɗa muku yau da babbar murya, ina son ta har ban san inda zan sa kaina ba. Amma da wane baki zan ce a bar mini ƴar fari?

"Yaya, ba ta yi ƙanƙanta ba?" na ce, ina kallon tabarma.

"Ƙanƙanta? Zainabu, sa'o'inta a birni sun fara karatu. Nan me za ta koya, kukan jaki? Ba don kaina kaɗai nake yi ba. Ba na son uwata ta tashi ba ta san baƙi ba."

"In don karatu ne, ni zan koya mata."

Wallahi ban san lokacin da maganar ta fita ba. Babanku ya ɗago ya dube ni kamar na yi tsiro a goshi. Na yi lakwal a Tanut har aji na ƙarshe na firamare kafin a cire ni, kuma ina karanta Hausa da ɗan Faransanci, amma ban taɓa koya wa ko kaza komai ba. Gwaggo ta daɗe tana dubana. Ba wawiya ba ce, ta gane abin da bakina ya kasa faɗa.

"To, na ba ki habbanaye," ta ce. Wato irin aron karsana da Fulani ke ba juna, ka riƙe ka yi kiwo amma ka san mai ita. "Zan dawo bayan kaka, in dabbobi sun sauko daga arewa. In na tarar tana karatu, ki ci gaba da riƙo. In ban tarar ba, ko kuka kike da jini da ita zan tafi."

Kashegari na sa babanku ya sayo allo da alli a Belbeji, na samo tsumagiya, na zaunar da yarinya, na ɗaure fuska kamar mushen da ya koyar da mu. Na rubuta baƙi na ce ta faɗa. Ta faɗa. Na goge na sake rubutawa na ce mene ne wannan, ta dube ni ta dubi tsumagiya ta fashe da kuka. Haka muka yi ta yi har sanyi ya wuce. Da ta ga na ɗauko allo sai ta gudu bayan ɗakin inji ta ɓuya. Rakiya kuma, mai shekara huɗu, ta cinye rabin allin. Raina ya ɓaci, na fara cewa a zuciyata wataƙila yarinyar ba ta da kai, wataƙila Gwaggo ce da gaskiya.

Ran nan da hantsi ina wanke ƙwarya kusa da kwami, Uwani na zaune kan katanga tana kaɗa ƙafa, sai ga wani raƙumi ya zo shi kaɗai ba mai shi. Mutane suka shiga tambayar na wane ne. Yarinyar nan, ko ɗaga murya ba ta yi ba, ta ce na Buzayen da suka sauka gabas da tabki ne, ba ku ga shaidarsu a wuyansa ba? Aka duba, haka ne. Kun san kowane gida na makiyaya da shaidarsa, wadda ake sa wa dabba da ƙarfe mai zafi. Na ajiye ƙwarya na shiga nuna mata dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Wannan fa? Na gidan wane. Waccan saniyar fa? Ta mutanen Falanko ce, sanda biyu da zobe a cinya. Ko ɗaya ba ta kuskure ba. Ikon Allah! Yarinyar da na ce ba ta da kai, ashe ta haddace shaidar dajin nan kaf, ba wanda ya zaunar da ita, ba wanda ya ɗaga mata tsumagiya. Na jefa tsumagiyar a murhu a ranar.

Da la'asar muka ɗauki kwando mu uku muka tafi gindin tabki, inda ruwa ya janye ya bar yumɓu mai kyau. Yaran wurin duk sun iya gina shanun yumɓu, wasansu ke nan, da tozo da ƙaho da komai. Na ce yau garke za mu yi, amma namu na gidanmu, kuma kowace saniya da shaidarta. Uwani ta gina ta farko, na karyo ƙayar aduwa na zana mata baƙi a cinya.

"Wannan saniyar kukanta aaa," na ce.

"Inna, saniya ba ta cewa aaa."

"Tamu tana cewa. Ke kika san abin da ta ci?"

Ta kwashe da dariya har ta faɗi a yumɓu. Rabon da in ji dariyarta a gabana tun kafin allo ya shigo gidan. Muka gina manya guda biyar masu murya, na ce waɗannan su ne iyaye. Sauran baƙaƙen muka yi su ƙanana, maruƙa, na ce maraƙi ba ya iya kuka sai an kai shi gindin uwarsa. Ga wannan, bakinsa a rufe, sai dai ya yi ta ɓ, ɓ, kamar mai ciwon haƙori. Kai shi wurin mai cewa aaa, sai ya ce ɓa. Kai shi wurin mai cewa uuu, sai ya ce ɓu. Uwani ta ƙwace shi daga hannuna ta shiga zagaya da shi wurin iyaye tana ihu, Rakiya na bin ta a baya tana maimaitawa.

Garken farko bai yi kwana uku ba. Mun shanya su a bayan ɗaki, akuyar maƙwabta ta bi ta kansu ta yi musu raga-raga. Aka yi makoki sosai, har Rakiya ta ƙi cin tuwo. Na biyu muka yi wa kowace shaida shanu da yawa, muka gasa su cikin busasshen kashin shanu kamar yadda ake gasa tukunya, suka fito jajaye, suna ƙara in an ƙwanƙwasa. Babanku ya tsaya yana kallonmu, hannu duk baƙin mai.

"Yanzu nan gidan har da garke? To, a biya kuɗin ruwa kamar kowa."

Ya yi ta tsokana, amma shi ya murɗa mana ƴar igiya mai maɗaukai, irin dangwalin da Fulani ke jera maruƙa a kai. Da ita muka samu wasan da ya zama karatunmu. Ni ce mai kira. In na kira kalma, sai Uwani ta ruga kwando ta koro shanun da suka dace, ta jera su a dangwali, kowane maraƙi da uwarsa, sannan ta bi su da yatsa tana kukansu har kalmar ta fito. Dokar wasan ɗaya ce, kuma ita ta kafa ta: ba a koro shanu sai an kira. Na kira nono, na kira gero, na kira jaki. Ran da ta jera Rakiya, ƙanwar ta zauna gadin sunanta har azahar, ta hana kowa taɓawa.

Kafin zafi ya yi tsanani yaran rugage sun ji labari. Da safe in iyayensu na jiran layin ruwa sai su cika mini rumfa, ƴan Fulani da ƴan Buzaye, wasu ko Hausar kirki ba su ji, amma kowa ya iya cewa aaa. Kowa ya gina garkensa. Muka yi rubutu a rairayi da yatsa, muka yi da karan gero, har a kan cuku na zana baƙi kafin ya bushe, wanda ya faɗi kukansa daidai shi zai cinye. Cukun ke nan da ban ƙara kaiwa kasuwa ba. Ba a haɗa bin mota da kiwon irin waɗannan shanu, dole na ajiye ɗaya. Masu sayena suka koma wurin wata, shekarar nan ban ɗinka ko ɗankwali ba, sallah ma da tsohon zane na yi ta. Ban ji ciwo ba, don ban taɓa yin shekara mai daɗinta ba. Ku gane, wasan nan ya ba ni abin da al'ada ta hana ni. Ba wanda zai ce na yi rashin kunya don na zauna da ƴar fari gwiwa da gwiwa, na kama hannunta ina bi da shi kan shaida. Karatu ne ai.

Da damina ta sauka makiyaya suka yi arewa, wurin ya yi tsit, ciyawa ta rufe kwami. Muka rage mu kaɗai, muna fita da garkenmu kiwo cikin ɗanyar ciyawa. A lokacin ne Uwani ta fara kiran kalma da kanta tana jerawa, har ta fara haɗa biyu da uku. Na ce a raina, Gwaggo ki zo yanzu.

Ta kuwa zo, bayan an yanke gero, dabbobi sun fara saukowa. Ta huta, ta sha fura, sannan ta buɗe jaka ta fiddo wani ɗan littafin Hausa na masu koyo. Ta kira Uwani ta buɗe mata shafi a cinya. A nan gabana ya faɗi. Wata tara muna karatu, ban taɓa nuna wa yarinyar nan takarda ba. Babu ita a gidan, kuma ko a mafarki ban tuna ba. Uwani ta ƙura wa shafin ido, ta juya shi, ta leƙa bayansa, sai idonta ya cika da hawaye.

"Inna, an sace shanun. Shaida kawai aka bari."

Babanku ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Gwaggo ba ta yi dariya ba, ta dube ni ta ce, "Wane shanu kuma, Zainabu?" Sai yarinyar ta miƙe da gudu ta jawo kwandonta. Ta dubi shaidar farko a takarda, ta lalubo maraƙin da ke da irinta ta ajiye a ƙasa, ta nemo uwarsa, haka har ta jera layin gaba ɗaya a dangwali. Ta bi su da yatsa.

"Ka-ka ta da-fa wa-ke." Ta ɗago kai. "Wace kaka? Mu ba ta ba mu ba."

Layi na biyu rabinsa ta jera. Na uku ko kwandon ba ta duba ba, ta sa yatsa a takarda ta bi. Gwaggo ta riƙe haɓa tana salati. Ni kuwa na ji kamar in tashi in yi guɗa, na dai danne. Sai ta rufe littafin.

"Karatu kam ta yi. Saura ɗaya. Abin da ake fara tambayar yaro a lakwal shi ne sunansa. Uwata, rubuta mini sunanki."

Yarinyar ta fara lalubo mai cewa uuu.

"A'a, ba Uwani ba. Sunanki na yanka, wanda za a rubuta a takarda."

Wannan kalmar kaɗai ce ban taɓa kira mata ba. Na kira sunan kowa a dajin nan, har na jakin maƙwabta, ban da nata. Ba na jin ma ta tabbatar da yadda yake, don ba ta taɓa jin sa a bakin kowa a gidan ba. Ta tsaya da kwando a hannu ta dubi babanta, ya dubi rufin rumfa. Ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta kau da kai, sai a lokacin ita ma ta gane ramin da ta haƙa, don ba za ta iya kama sunan uwarta ba. Sai yarinyar ta juyo gare ni.

"Inna, kira mini. Ba a koro shanu sai an kira."

Ga mijina, ga yayarsa, ga matan Fulani biyu da suka leƙo kawo madara. In na kira, na kama sunan ƴar fari da na uwar miji a gaban ƴaƴanta, abin da za a yi ta faɗa da ni har Ollelewa. In na yi shiru, gobe motar kasuwa za ta tafi da ita. Na dubi bakin nan nata mai sababbin haƙora biyu manya, tana jirana kamar kullum, ba ta ma san akwai wani abu ba.

Na ce, "Halima."

Matan Fulani suka rufe baki. Babanku ya ce, "La ilaha illallahu." Ita kuwa ta yi tsalle ta shiga kwando, maraƙi uku, uwa uku, ta jera su tsaf ta bi da yatsa. Sannan ta ce ban kira da ƙarfi ba, in sake. Na sake. Daɗin sunan a bakina ya sa hawaye suka zubo mini, ban ko share ba.

Gwaggo ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta jawo yarinyar ta rungume ta daɗe.

"Zainabu, ba ki da kunya," ta ce da ni, tana share ido da gefen mayafi. "Matar da za ta yi wannan a gabana, in na ɗauke mata ɗiya Allah ba zai bar ni ba. Riƙe ta. Ran da shanunki suka ƙare, ki kawo mini ita da kanki."

Kashegari ta hau mota ita kaɗai, ta koma ɗakin da ta sa wa gado. Ba ta karɓi komai cikin tsarabar da na haɗa mata ba, sai dangwalin nan da shanu shida a jere, ta naɗe shi a cikin atamfa sabuwa. Wannan ita ce matar da kuke kira muguwa. Bayan shekara biyu shanuna suka ƙare, abin da na sani duk yarinyar ta kwashe, na kai ta Damagaram da ƙafata kamar yadda muka yi. Na tarar da dangwalin a rataye bisa gadon da ke jiranta.

Tun daga ranar rumfa ban ƙara kiran sunan ba, na koma "ke", kuma haka za ku ci gaba da ji har in mutu. Sau biyu na faɗa da baki, yau na rubuta da hannu. Yayarku ba ta taɓa tambayata ko ina son ta ba. Ita tana wurin, ta ji.